Mako biyu a Siri Lanka cikin watan Agusta: ta ina za a bi?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Shi da maiɗakinsa suna da hutun mako biyu a watan Agusta, suna son zuwa Siri Lanka su ga tsoffin biranen mabiya addinin Buda, su kuma huta a bakin teku. Wani mai shirya tafiye-tafiye ya tsara masa hanya: Kolombo, Kandy, sannan kwana shida a gaɓar kudu, wato Bentota da Galle da Mirissa. Yana tambaya ko tsarin ya yi, da kuma yadda Musulmi zai yi da abinci da salla da shiga wuraren bautar da ba nasa ba.

Malam, tsarin da aka ba ka na watan Janairu ne, ba na Agusta ba. Wanda ya rubuta shi bai duba watan da za ka tafi ba, kuma a Siri Lanka wata shi ne ke zaɓa wa matafiyi hanya.

Tsibirin yana da damina biyu, kowace da ɓangarenta. Daga Mayu zuwa Satumba iska na tasowa daga kudu maso yamma, ta kwararo ruwa a kan Kolombo da Bentota da Galle da gefen yamma na duwatsun tsakiya. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu kuma sai ta juya, ta koma arewa da gabas. Duwatsun da ke tsakiyar tsibirin su ne katangar da ke raba su. A watan Agusta, idan ka tsaya a Bentota ko Mirissa, ba lallai ruwan sama ya hana ka fita ba, yakan zubo ne ya ɗauke, amma tekun kansa yana cikin fushi. Zuwana na farko a irin wannan lokacin ne, na kwana huɗu a gaɓar kudu ina kallon jar tuta a kafe cikin yashi, alamar kada kowa ya shiga ruwa. Igiyar ruwan da ke janye mutum zuwa ciki tana cin rayuka a wannan gaɓar, har na waɗanda suka iya iyo. A daidai wannan lokacin, can gabas, a Trincomalee da Nilaveli da Pasikudah, teku kwance yake kamar tafki, sama kuma tarwai. Saboda haka kwanakin hutunku na bakin teku ku kai su gabas. Abin daɗin ma shi ne tsoffin biranen da kuke son gani sun fi kusa da Trincomalee nesa ba kusa ba, ga shi yankin nasu busasshe ne a wannan watan.

Kafin in shiga hanya, akwai maganar da ta riga ta: kada ka biya kuɗin otal ko na jirgi sai biza ta fito. Yawancin baƙi suna samun izinin shiga ta intanet cikin sauƙi, amma masu fasfon Najeriya da Gana da Kamaru an daɗe ana sa su cikin waɗanda sai an tantance su tun kafin su taso. Ofishin jakadancin Siri Lanka da ke Abuja an rufe shi a ƙarshen 2021 saboda matsin tattalin arziƙin da ƙasar ta shiga, don haka ka fara bin lamarin tun da wata biyu ko uku, ka tabbatar da ƙa'idar da ke aiki yanzu daga hukumar shige da ficensu. Ka riƙe katin allurar rigakafin shawara, za a tambaye shi. Ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda. Kuma ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya ba ka ƙulli ka kai wa wani, kada ka karɓa sai ka buɗe ka gani. Dokarsu a kan miyagun ƙwayoyi tana da tsanani ƙwarai. Babu jirgi kai tsaye, ta Doha ko Dubai ko Istanbul ake bi, kuma suna gabanmu da awa huɗu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2016 cewa sun kawar da zazzaɓin cizon sauro, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, sai ku tafi da man shafawa na korar sauro.

Abu na biyu da taswira ke yaudarar mutane da shi: tsibirin ƙarami ne, murabba'in kilomita dubu 65 da ɗoriya, bai kai jihar Neja ba. Sai mutum ya ga kilomita 100 ya ce awa ɗaya da 'yan mintuna. A'a. In ka cire manyan titunan zamani na kudu da na filin jirgi, hanyoyin ƙanana ne, suna ratsa ƙauyuka, ga bas-bas, ga keke mai ƙafa uku irin adaidaita sahunmu sak da suke kira tuk-tuk, ga karnuka kwance a kwalta. Ka lissafa kilomita 40 a awa, a cikin duwatsu ma ƙasa da haka. Hagu suke tuƙi. Ga mutum da iyalinsa, shawarata ita ce ku ɗauki mota da direbanta na kwana tara ko goma na farko, har zuwa Kandy, sauran ku yi da jirgin ƙasa. A cikin birane akwai manhajar PickMe da Uber, suna raba ka da ciniki.

Filin jirgin Bandaranaike yana Katunayake, kilomita 30 da wani abu arewa da Kolombo. Kada ku shiga Kolombo ranar da kuka sauka, ku kwana a Negombo da ke kusa, da safe ku miƙe arewa zuwa Anuradhapura, tafiyar kamar awa huɗu. Ku ba ta kwana biyu.

Anuradhapura ita ce wurin da nake roƙon ka kada ka yi gaggawa, kuma ita ce masu tsara tafiya suka fi tsallakewa don tana gefe. Ta yi sama da shekara dubu tana babban birnin sarakunan Sinhala, ƙabilar da ta fi yawa a tsibirin, har zuwa ƙarshen ƙarni na 10 lokacin da mayaƙan Chola daga kudancin Indiya suka ci ta. Addinin Buda ya shigo tsibirin ne a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ta hannun Mahinda ɗan sarki Ashoka na Indiya, wanda ya haɗu da sarki Devanampiya Tissa a dutsen Mihintale, kilomita 13 gabas da birnin. 'Yar'uwarsa Sanghamitta ce ta kawo reshen bishiyar da suke cewa a ƙarƙashinta Buda ya samu wayewar da suke bin sa a kanta. An dasa reshen a Anuradhapura, kuma har yau yana nan da rai, shekara sama da dubu biyu da ɗari biyu, an tokare rassansa da sanduna masu ruwan zinariya. Bishiyar dangin ɓaure da ceɗiya ce, in ka ga ganyenta ba za ta yi maka baƙunta sosai ba.

Gine-ginen da za su tsaya maka a rai su ne waɗanda suke kira dagoba, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya an kafa mata tsini a ka. Ba a shiga cikinsu, cike suke da tubali, an binne abubuwan da suke girmamawa a tsakiya, kewaya su ake yi. Jetavanaramaya, wadda sarki Mahasena ya fara a ƙarni na 3, ta kai kusan mita 122 lokacin da aka gama ta. A duniyar wancan zamanin dalar Giza ta Masar kaɗai suka fi ta tsawo. Amma wadda nake so ku je da yamma ita ce Ruwanwelisaya, fara fat, da katangar da aka jera kawunan giwaye a jikinta, ginin sarki Dutugemunu. Ku isa bayan la'asar. Za ku ga mutane sun zo daga ƙauyuka cikin bas, kowa sanye da fararen kaya, tsofaffin mata riƙe da furen bado, ana kunna 'yan fitilun man kwakwa a jere. Na taɓa tsayawa a gefe sai ga jerin mutane wajen ɗari biyu sun taho da ganga da algaita, sun ɗaga wani dogon ƙyalle sama da kawunansu, kowa yana miƙa hannu ya taɓa, suka je suka naɗe shi a ƙugun ginin. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni a ƙasa, hannayenta haɗe, ta yi fiye da rabin awa ba ta ɗaga ido ba. A nan na gane cewa littattafan yawon buɗe ido da ke kiran wurin kufai sun yi kuskure. Wurin ibada ne da mutanensa a ciki, kai kuma baƙo ne.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka. Hukuncin shiga na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ku tafi. Abin da zan gaya maka shi ne abin da ke faruwa a ƙofa. Ba wanda zai ce ka rusuna, ko ka ajiye fure, ko ka haɗa hannu. Masu sayar da fure za su miƙo maka, ka ce a'a da murmushi ka wuce. Abin da suke nema shi ne a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa, a cire hula. Hular nan ita ce ke yi wa mutanenmu nauyi, domin a wajenmu sa ta ne girmamawa, a wajensu kuwa cire ta. Maganar Hajiya ta fi wannan: a wasu wuraren masu gadi kan bar mace da mayafinta, a wasu kuwa sukan ce duk abin da ke kai sai an cire. Ku yanke shawara tun a masauki cewa in aka ce haka, za ta tsaya a waje ba tare da jayayya ba. Ba za ta yi asara mai yawa ba, manyan dagoba daga nesa ma ana ganin su sarai. Kada a juya wa mutum-mutumin Buda baya don ɗaukar hoto, suna ɗaukar wannan cin fuska ne, kuma 'yan sanda na shiga maganar. A 2014 an kori wata Baturiyar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buda da ke hannunta. Mace ba ta miƙa wa malamansu masu rigar ruwan goro hannu, kujerun gaba a bas kuma nasu ne. Sannan ku sa safa mai kauri a jaka. Daben dutse ne, da ƙarfe sha ɗaya na rana ya zama tanda, kuma takalminka yana can ƙofa.

Daga Anuradhapura zuwa Trincomalee awa biyu da rabi ne. Ku sauka a Nilaveli ko Uppuveli, arewa da garin, ku yi kwana uku ko huɗu. Ba sai na cika ka da bayani a nan ba, yashi ne fari da ruwa mai ɗumi marar zurfi. Matan ƙasar da tufafinsu suke shiga ruwa, don haka Hajiya ba za ta zama abin kallo ba. Daga Nilaveli ana ɗaukar kwale-kwale mai inji zuwa tsibirin Pigeon, inda ake leƙa kifaye ta gilashin fuska. A cikin gari akwai ganuwar Frederick da barewa ke yawo a cikinta, a ƙarshenta kan dutse kuma akwai Koneswaram, wurin bautar Hindu. Yankin ya sha wuya a yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen ƙabilar Tamil marasa rinjaye, ya kuma sha ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 da ta kashe fiye da mutum dubu 30 a tsibirin. Mai yi maka hidima a otal wataƙila ya rasa wani a ɗayan biyun. Kada ka fara tono zancen, in shi ya kawo sai ka saurara.

Gabas kuma ita ce inda Musulmi suka fi yawa. Kinniya, kudu kaɗan da Trincomalee, garin Musulmi ne, haka Kattankudy kusa da Batticaloa. Ku daidaita kwanakinku Juma'a ta same ku a nan.

Bayan teku sai ku dawo ciki, ku yi sansani a Sigiriya ko Habarana kwana uku, domin daga nan komai kusa yake. Sigiriya dutse ne guda da ya miƙe kusan mita 200 daga cikin daji, sarki Kashyapa ya gina fada a kansa tsakanin 477 da 495, bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta yana tsoron dawowar ɗan'uwansa. Matakala kusan 1,200 ne. A rabin hanya akwai zanen mata a jikin kogo, launinsu bai mutu ba bayan shekara dubu da ɗari biyar, an hana ɗaukar su hoto. Gaba kaɗan sai ƙafafun zaki biyu na tubali, ta tsakaninsu ake hawa kashin ƙarshe a kan matakalar ƙarfe da aka manna a jikin dutsen. Ku kasance a ƙofa da zarar an buɗe da sassafe, kafin rana da cunkoso. Akwai sheƙar zirnako a jikin dutsen, allunan da ke cewa a yi shiru ba ado ba ne. Tikitin baƙo ya haura dala 30 ga mutum ɗaya, na Anuradhapura da na Polonnaruwa ma ba su yi nisa da haka ba, sai ka ware wa wannan kuɗinsa daban. Wanda jiri ke ɗiba a wuri mai tsawo ya tsaya a ƙafafun zakin, ya ga abin da ya isa.

Polonnaruwa ita ce babban birni na biyu, ta fi Anuradhapura tattaruwa wuri ɗaya, rabin yini ya isa, a keke ko a tuk-tuk. A Gal Vihara an sassaƙa siffofin Buda huɗu a jikin falalen dutse guda, na kwancen ya kai mita 14. Amma abin da ya fi burge ni a nan ruwa ne. Sarki Parakramabahu na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, ya haɗa tafkuna ya yi wani makeken tafki da har yau ake kira Tekun Parakrama, kuma tarihinsu ya riƙe masa maganar cewa ko ɗigon ruwan sama bai kamata ya tafi teku ba tare da ya amfani ɗan Adam ba. Duk yankin nan mai ƙarancin ruwa cike yake da irin waɗannan tafkuna da suke kira wewa, manya da ƙanana, an jona su da magudanai, wanda ya cika ya zuba wa na ƙasa da shi. Shinkafar da za ka gani kore shar a watan da ba a ruwan sama, da ruwan madatsun da aka gina shekara ɗaruruwa ake noma ta. Duk wanda ya san wahalar noman rani zai daɗe a tsaye a kan wannan ganuwar ƙasa yana tunani.

Ɗaya daga cikin tafkunan, Minneriya, shi ne zai ba ku kyautar watan Agusta. Idan rani ya yi nisa ruwan ya ja baya, ciyawa ta tsiro a inda ya bari, giwaye daga dazuzzukan kewaye sai su taru a wurin, wani lokaci ɗari biyu ko fiye a fili ɗaya. Daga Yuli zuwa Satumba ne ganiyar abin. Ana shiga da motar jif da yamma. Ku gaya wa direban tun farko ba kwa son ya kutsa cikin garke ko ya tare wa uwa da ɗanta hanya, domin wasu na yin haka don faranta wa baƙo. Ku bar hawan giwar da ake tallatawa a Habarana, dabbar a cikin sarƙa take wuni.

Kan hanyar Kandy ku tsaya a Dambulla, kogo biyar a ƙarƙashin dutse ɗaya, da siffofin Buda sama da 150, rufin duka zane ne. Awa ɗaya da rabi ta wadatar. Bayan nan, wajen Matale, direba zai so ya tsayar da ku a lambun kayan ƙamshi, a Kandy kuma shagon duwatsu masu daraja. La'ada yake samu. Ganin bishiyar kirfa da masoro da kanumfari yana da daɗi, amma farashin shagunan ninki ne, a kasuwar gari za ku samu da sauƙi. Dutse mai daraja kuwa, in ba sana'arka ba ce, kada ka saya.

Kandy ita ce masarautar ƙarshe da ta tsaya da ƙafarta. Turawan Fotugal da na Holan sun riƙe gaɓa amma sun kasa cin ta, sai a 1815 ta faɗa hannun Ingila. A nan Sri Dalada Maligawa yake, gidan da ake ajiye haƙorin da suke cewa na Buda ne, wanda aka kawo tsibirin a ƙarni na 4, kuma a da wanda haƙorin ke hannunsa shi ake ɗauka mai haƙƙin sarauta. Ba a ganin haƙorin, akwatin zinariyarsa kawai ake hangowa ta ƙofa a lokutan da ake buɗewa da kiɗan ganguna. Cikin Yuli ko Agusta ake yin Esala Perahera, dare goma ana jerin gwano, yana ƙarewa da cikar wata. Masu bulala ne a gaba suna tsaga iska, sai masu wasa da wuta, sai makaɗa da maraya dubbai, sai giwaye cikin riguna masu ƙwayayen lantarki, babban cikinsu ɗauke da kwafin akwatin yana taka farin ƙyalle. Wanda ya san hawan daushe zai gane tsarin nan take, kowace ƙungiya da matsayinta a layi. Ka nemi ranakun bana tun yanzu, don su za su nuna maka ko da Kandy za ka fara ko da ita za ka rufe. A daren ƙarshe garin ba masaka tsinke, ɗaki kan ninka kuɗi, kuma in ka zauna a kujerar kallo ba tashi sai bayan awa huɗu ko biyar. Ɗaya daga cikin dararen tsakiya ya fi sauƙi ga mai iyali, ku kuma shirya tun da wuri yadda za ku yi magariba da isha.

Daga Kandy sai jirgin ƙasa zuwa cikin duwatsun shayi. Zuwa Ella awa shida zuwa bakwai ne, yana hawa har tashar Pattipola, kusan mita 1,900 sama da teku. Kujerun da ake kamawa tun kafin ranar tafiya suna fita da kwana 30, kuma nan da nan suke ƙarewa. Ku nemi aji na biyu. Na ɗaya yana da na'urar sanyi amma tagoginsa a rufe suke, alhali iskar da ƙamshin su ne tafiyar. Zaftarewar ƙasa kan yanke layin bayan ruwa mai yawa, don haka ku tambaya ko yana aiki har ƙarshe kafin ku dogara da shi. A kowace tasha masu talla na shigowa da kwando suna kiran "wade, wade", wani soyayyen abu ne na wake mai kama da ƙosai, da busasshen barkono a gefe, a naɗe cikin takarda. Za ku ga matasa baƙi suna lilo a bakin ƙofa don hoto. An rasa rayuka a haka, wasu sun bugi bangon rami.

A watan Agusta Nuwara Eliya hazo ne da yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi, Haputale da Ella da ke bayan dutsen sun fi bushewa, can za ku kwana biyu. Kusa da Haputale akwai gonar Dambatenne da Thomas Lipton ya mallaka bayan zuwansa tsibirin a 1890, mutumin da sunansa ke kan teburin kowane mai shayi a ƙasarmu. Kafin shayi gahawa ake nomawa a nan, wata cuta ta cinye ta daga 1869, sai aka koma ga ganyen da James Taylor ya fara gwadawa a 1867. Matan da za ku gani da buhu rataye a ka suna tsinkar ganye Tamilawa ne, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya. Dokar 1948 ta hana su zama 'yan ƙasa, sai a 2003 aka gama warware matsalar, kuma har yau suna cikin mafi talaucin mutanen tsibirin. In za ku ɗauke su hoto ku nemi izini, ku kuma ba da wani abu.

Akwai wurin da na so a ce lokacinku ya dace da shi, amma bai dace ba: Dutsen Adamu, da suke kira Sri Pada, mai tsawon mita 2,243. A ƙololuwarsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buda na cewa na Buda ne, Hindu na cewa na abin bautarsu Shiva ne, tsoffin matafiya Musulmi kuma suka ce nan Annabi Adamu alaihissalam ya sauka a tsibirin da Larabawa ke kira Sarandib. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya hau shi a 1344, ya ambaci sarƙoƙin da ake kamawa a hau, shi ɗin dai da bayan shekara tara ya iso Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir. Lokacin hawa daga Disamba zuwa Mayu ne, ana tashi tsakar dare a taka matakala fiye da dubu biyar cikin fitilu. A Agusta hanyar duhu ce da santsi da matsattsaku, shaguna a rufe. Ku bar shi sai wani zuwan.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, kashi saba'in mabiya Buda, sauran Hindu da Kirista, kuma kusan kowane gari akwai masallaci da gidan abincin Musulmi. Ƙananan gidajen abinci "hotel" ake rubuta musu ko da ba ɗakin kwana, ka duba sunan mai shi da farar hular da ke kansa. Abincin yau da kullum shinkafa ce da 'yan kwanoni huɗu ko biyar na miya kewaye da ita, ta wake, ta kabewa, ta kifi, da pol sambol, kwakwa da aka kirɓa da barkono da lemon tsami. Da hannun dama ake ci kamar gida. Da dare za ka ji ƙarar ƙarfe biyu ana sara a kan faranti, kottu ke nan, gurasa da aka yayyanka da ƙwai da nama. In kuna shakkar nama ku tsaya ga kifi da ganye. A manyan otal ku tambaya, domin sukan dafa alade, haka lamprais, shinkafar da ake naɗewa a ganyen ayaba, asalinta da naman alade a ciki. Ku sha thambili, kwakwa mai launin lemo da ake sara wa kai a bakin titi, ku kuma nemi watalappam, kayan zaƙin Musulmin ƙasar.

Wajen salla, ka lura da abu ɗaya: mu da bakinmu ya saba da "fuskanci gabas", a can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ka duba manhaja a daren farko. Kowace cikar wata kuma, wajen 14 ko 15 ga watan Musulunci, ranar Poya ce, hutu ne a ƙasa baki ɗaya, bankuna da mahauta a rufe, wuraren bauta cike maƙil.

Ba zan ɓoye maka cewa zaman Musulmi da masu rinjaye ya sha gwaji ba. An yi tarzoma a kan Musulmi a Aluthgama a 2014, da yankin Kandy a 2018. Harin bama-baman ranar Ista a 2019, da wasu masu tsattsauran ra'ayi suka kai coci-coci da otal-otal suka kashe fiye da mutum 250, ya jawo wa al'ummar baki ɗaya zargi, har aka hana rufe fuska na wani lokaci. A lokacin korona an tilasta ƙona gawarwaki har da na Musulmi, gwamnati ta nemi gafara a 2024. Duk da haka, a tafiye-tafiyena ban ga an wulaƙanta baƙo don addininsa ba, kuma mace mai hijabi abu ne da ido ya saba da shi a ko'ina. Mai niƙabi ta shirya buɗe fuska a wuraren bincike. Ka koyi "ayubowan" ta Sinhala da "vanakkam" ta Tamil, a gabas kuwa sallama ta ishe ka.

Daren ƙarshe ku yi shi a Kolombo. In kun matsa sai kun ga Galle, ganuwar da Fotugal suka fara, Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa, ba ta buƙatar teku ya kwanta. Ta babban titi awa biyu ce daga Kolombo, kuma a cikinta akwai farin masallacin Meeran yana fuskantar hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. In lokaci ya ƙure, ku shiga kasuwar Pettah ku sayi shayi da kirfa, ku yi azahar a Jami Ul-Alfar, jan masallacin nan mai ratsin fari da aka gama a 1909, sannan ku bar wa hanyar filin jirgi awa ɗaya da rabi saboda cunkoson yamma.